Azumin da Muka Yi wa Kwamfuta Fifita

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Na je gida makon jiya, ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, na tarar an share gonaki tsaf, an watsa taki, kowa ya zauna yana kallon gabas. Gonakinmu har gindin katangar gida suke zuwa, don haka ba sai ka yi nisa ba kafin ka san halin da ake ciki. Daga bakin zaure kana ganin ƙasa fara fat, tana huci. Zafin nan ne na bakin damina, wanda ba ya zuwa da iska, sai dai ya zauna maka a wuya. Matar yayana ta kawo mini ruwa da ƙanƙara a ciki, wai yanzu akwai mai firjin sola a bakin masallaci. Na karɓa na sha na yi godiya, amma hankalina ya riga ya tafi wata shekarar, shekara goma da ɗoriya baya, da azumi ya faɗo daidai irin wannan lokaci, ruwa kuma ya ƙi sauka.

A gida Uwani ake ce mini. Sunana na yanka Sa'adatu, sunan mahaifiyar Babanmu ke nan, shi ya sa babu mai kama shi a gidanmu. Inna, mahaifiyata, ba za ta buɗe baki ta ambaci sunan surukarta ba ko me za a yi mata. Ko wata Sa'adatun ce ta shigo gidan, sai ta ce mai sunan Uwani ta zo. A makaranta kawai nake jin sunana, a bakin malamai da ƙawaye, kuma har na girma ina jin sa kamar rigar aro.

Babanmu malami ne, shi ke yin tafsiri a masallacin ƙauye duk azumi. Ya rasu ba a yaye ni ba. Ban san fuskarsa ba sai a wani ɗan hoto da ya koɗe, muryarsa kuwa ban san ta ba sam. Abin da ya rage shi ne 'yan kaset-kaset da wani ɗalibinsa ya ɗauka a shekarar da aka haife ni, suna ƙasan akwatin ƙarfen Inna, a naɗe cikin tsohon rawaninsa. Tun ina ƙarama wata rikoda ta taɓa tauna ɗaya, daga ranar Inna ta kulle sauran ta ce an gama. Amma ta sha gaya mini cewa a ƙarshen guda ɗaya, na ranar rufe tafsiri, wadda ta zo kwana kaɗan bayan sunana, Baba ya yi mini addu'a a gaban jama'a, ya kama sunan nan ɓaro-ɓaro.

"Sau ɗaya tak ya faɗa," in ji ta. "Sunan uwarsa ne fa. Ni ina daga cikin gida ina ji ta lasifika, sai da na rufe fuska."

In na ce ta maimaita mini yadda ya ce, sai ta harare ni. Ba za ta iya ba, tunda sunan na tsakiyar maganar.

A shekarar da nake ba ku labari na gama karatun kwamfuta a Kano, na dawo gida ina jiran tafiya bautar ƙasa bayan salla, can kudu. Na dawo da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya hannu na biyu, da kuma taurin kai irin na wanda ya gama makaranta jiya. Ranar da Inna ta buɗe akwati za ta shanya kaya, na ɗauki kaset ɗaya na duba, na ga zaren ya fara mannewa da juna, wani gari ruwan ƙasa yana zuba daga jikinsa. Zafin shekaru ne ke cin sa a hankali. Na ce mata in ba a kwashe muryar nan an zuba a kwamfuta ba, wata bazarar sai dai mu tarar da roba.

"Ki ba ni in kai Kano, Inna, akwai masu injin kirki."

"Malam ba zai shiga mota ba," ta ce. "In za ki yi, ki yi a nan, ina gani."

Da Inna ta ce haka, magana ta ƙare. Na aro rikodar wani tsoho maƙwabcinmu, wadda ina jin ita kaɗai ta rage a ƙauyen mai rai, na sa aka sayo mini batura ranar kasuwar Tsanyawa. Na haɗa waya daga ramin abin kunne na rikodar zuwa kwamfuta. In an soke wayar nan, rikodar ba ta magana a waje, sai dai ka ga wasu korayen sanduna na hawa da sauka a fuskar kwamfuta, alamar murya na shiga.

Matsalar wuta ce ta fara. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Yayana Sabo, wanda shi ke riƙe da gonakinmu, yana da faifan sola guda a kan rufin ɗakinsa, da wani gajiyayyen batir, yana yi wa mutane cajin waya. Batirin nan ba ya riƙe komai. In rana na tsaka akwai wuta, in ta karkata sai injin da ke juya wutar batirin ya fara kuka. Wato ba ni da lokacin aiki sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ko kaji ba sa motsi, sai dai su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ga shi fankar cikin kwamfutar ta tsaya cik. In na kunna, sai ta ɗauki zafi har ba a iya dafa ta, can sai ta kashe kanta ba sallama.

Haka na yi asarar kaset na farko. Ana tsakiyar ɗauka kwamfuta ta ɗauke, na danna maɓallin tsayar da rikoda, zaren ya kwanta a jikin robar da ke jan sa, ya manne. Da na sake kunnawa sai ji na yi ƙas, ya tsinke, ya cukurkuɗe. Na biyu ma haka, sai ɗan guntu na tsira da shi. A nan na gane kaset ɗin nan ba sa jure a tsayar da su a tsakiya. In sun fara tafiya, to a bar su su kai ƙarshe. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta kwashe tsinkakken zaren ta naɗe a tsumma, ta ɗauki wanda ya rage, mai sunana, ta sa a lalitarta.

"Wannan ba za ki taɓa shi ba sai kwamfutar nan, baƙuwar taki, ta yini ba ta suma ba."

Azumin shekarar ya ba mu wuya. Rijiyar gidanmu ta koma laka, in ka zura guga sai ya fito da abu kamar kunu. Ruwan sha sai a famfon burtsatse na wata unguwa can bayan fadama. Da an idar da sallar asuba Yaya Sabo zai ɗaura wa jaki jarkoki ya tafi bin layi, ba ya dawowa sai hantsi, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ruwan nan shi ne na alwala, na girki, na akuyoyi, na wanka in an samu. Inna takan wanke kwanuka a ƙaramar roba, ta ɗauraye a wata, sannan ta kai wa bishiyar lemonta abin da ya saura. Geron rumbu ya yi ƙasa har sai an shiga ciki kafin a ɗebo. Sahur tuwon jiya ne da miyar kuka, in an yi sa'a da ɗan nono. Buɗa-baki kunun tsamiya, ƙosai kuwa sai ranar Juma'a.

Duk da haka, ban taɓa jin daɗin wani azumi kamar wannan ba, kuma ina faɗa ne da gaske. Bayan la'asar ni da Inna mukan zauna surfe, taɓare biyu a turmi ɗaya, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Maƙwabta na aiko da kwano, mu ma mu aika, wani lokacin kunun da ka aika shi zai zagayo ya dawo maka a wani kwanon. In rana ta kusa faɗuwa, gidan kan yi tsit, kowa kunnensa na masallaci. Abin da ake jira shi ne ruwan randar Inna. Randar na ƙarƙashin rumfa, a inuwar darbejiya, an binne gindinta cikin yashi, kullum Inna na yayyafa wa yashin ruwa. Wuri mafi sanyi ke nan a gidan kaf. In ka kafa kai a moɗa ka sha ruwan nan mai ƙanshin ƙasa, har cikin idonka kake jin sa.

Ni kuwa da rana ina fama da baƙuwa. Na ɗora ta a kan duwatsu, na ɗora ta a kan faranti, duk a banza. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban san lokacin da za ta ɗauke ba. Manhajar da ke nuna zafi babu ita a kan kwamfutar, ba ni kuma da datar da zan sauke ta, don a lokacin kafin ka samu sabis a ƙauyenmu sai ka hau tudun da ke bayan makabarta. Ina kwance ina juyi wata rana sai na tuna wani darasi da aka yi mana a aji biyu, wanda muka saurara da rabin kunne don malamin ya ce ba zai fito a jarrabawa ba.

Furosesa, wato ɗan guntun nan da ke can ciki wanda ke yin duk lissafin kwamfuta, yana da wasu 'yan ma'ajiyai a jikinsa da ake ce wa rajista. Wasu kowace manhaja na amfani da su. Wasu kuwa na cikin gida ne, kowane samfurin furosesa da irin nasa, kowace rajista da lambarta. A cikinsu yake ajiye labarin jikinsa, zafinsa da saurin da yake gudu. Ba a barin kowa ya taɓa su kai tsaye. Amma Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutata, ya bar wata 'yar ƙofa, ya yi mata kamannin fayil, sunanta /dev/cpu/0/msr. Ba fayil ba ne da za ka buɗe ka ga rubutu. Sai ka shiga da izinin mai gida, wanda muke ce wa rut, ka ce a kai ka daidai lamba kaza, sannan ka ɗebo abin da ke wurin. In ka isa, kana iya zuba naka a ciki, furosesa kuma ya bi.

Na sa hijabi na hau tudun nan da tsakar rana, ina ɗaga waya sama, har na samo lambobin rajista biyu na irin furosesata, ta zafi da ta sauri. Da na dawo na leƙa inda ƙofar ya kamata ta kasance, babu ita. Sai da na umarci tsarin ya ɗora ɗan direbanta, wato 'yar manhajar da ke buɗe ta, sannan ta bayyana. Na rubuta 'yar manhaja, ba ta kai tsawon tafin hannu ba, wadda za ta riƙa zuwa lamba 19C tana ɗebowa tana nuna mini. Da lambar farko ta fito a baƙin allon nan, na yi wata ƙara har akuya ta zabura. Shekaru ina karanta abin nan a takarda, ranar ce na fara jin na taɓa cikin inji da hannuna.

Inna ta leƙo. "Lafiya?"

"Ta yi magana, Inna. Ta faɗi zafin jikinta."

"Nawa ta ce?"

"Sha biyu."

"Yo sha biyu ai ba zazzaɓi ba ne."

Na yi mata bayani cewa rajistar ba ta faɗin yawan zafi, abin da ya rage kafin a kai iyaka take faɗa. In lambar na raguwa, to ana kusantar suma ke nan. Inna ta gyaɗa kai ta ce ashe lissafin rumbu take yi. Muna kallo lambar ta sauko tara, ta sauko biyar, ta sauko biyu, allo ya yi baƙi.

Ganin ciwo daban, magani daban. Rajista ta biyu, mai lamba 199, ita ce ke gaya wa furosesa saurin da zai yi, kuma in ya rage gudu zafinsa na raguwa. Karantawa ba ta da haɗari, amma rubutu a cikin rajista wani abu ne, don babu mai tambayar ka ko ka tabbata. Abin da ka zuba shi za a bi. Na yi bisimilla na zuba lambar farko, kwamfuta ta sandare, ko 'yar kibiyar da ke kan allo ba ta motsi. Na ce shi ke nan na kashe ta. Na cire wuta na mayar, ta farfaɗo, don furosesa ba ya riƙe abin da aka rubuta masa in wuta ta ɗauke. Na sake dubawa a natse, na hana tsarin sa hannu a maganar sauri, na zuba mafi ƙanƙantar gudun da samfurin ya yarda da shi. Wannan karon ta karɓa. Ta koma tafiyar tsohuwa, in ka danna abu sai ka jira, amma ɗaukar murya ba ya son gaggawa. Lambar zafi ta daina gangarowa da gudu, sai dai har yanzu tana gangarowa.

Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, ashe duk tana lura. Washegari da hantsi na fito na tarar ta tone randarta daga cikin yashi, ta jingine ta a jikin katanga. A gurbin ta kife wani sabon kasko, ta jiƙa shi sharkaf.

"Kawo ta nan."

"Inna, ruwan shan fa?"

"Da ɗuminsa ma yana kashe ƙishi. Kawo ta."

Yaya Sabo ya dawo daga ɗiban ruwa ya ga Inna na tsiyaya moɗa guda a kan yashi, kwamfuta na zaune a kan kasko. Ya sauke jarka ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah. Ni da jaki mu sha rana, wadda ba ta azumi ita ke shan ruwa. Uwani, ki tambaye ta ko tana son ƙosai."

"Yaya, don Allah ka ja mini wayar wutar ta iso nan."

Ya ja, yana mita. Shi ne kuma ya je ya gaya wa masu kawo caji cewa daga azahar zuwa la'asar babu caji sai bayan salla, suka yi ta yi masa tsiya wai ƙanwarsa ta mayar da shi ɗan aike. Da yamma muka sha ruwa mai ɗumi kamar an sauke daga murhu. Yaya ya kalli kaskon ya yi ƙwafa.

Daga nan aikin ya zama na mu biyu. Ni ina gaban allo, Inna na gefe da maficinta na kaba, tana yi wa ramukan iskar kwamfutar fifita. Mace mai shekara kusan sittin, da azumi a bakinta, gumi na bin wuyanta. In na ce ta kawo in karɓe ta sai ta ce in kula da lissafina. Lokaci-lokaci takan ce, "Nawa ya rage?" In na ce sha takwas, sai ta sassauta hannu. In na ce goma, sai mafici ya ƙara sauri, ta yayyafa wa kasko ruwa. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta same mu a haka, ta fita tana salati, kafin magariba labari ya zaga cewa Inna na jinyar talabijin. Ranar da kwamfutar ta kai la'asar ba ta ɗauke ba, Inna ta ajiye mafici ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana murza kafaɗa. Bayan an sha ruwa ta kwance lalita ta ajiye kaset ɗin a cinyata.

A makon ne ƙauye ya fita roƙon ruwa. Azumi ya shiga goman ƙarshe, sama ko gizo-gizo babu. Wasu sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran rahama, tsuntsaye da zafi suna cinyewa. Yaya ya rasa abin yi, kullum sai ya buɗe buhun irin gero ya duba ya ɗaure. Maza suka tafi filin idi da riguna a juye, tsofaffi na kuka a cikin addu'a, muna jiyo su daga gida. Ni ma na ɗaga hannu na ce amin, har zuciyata, don na ga cikin rumbunmu da idona.

Fuskar farko ta kaset ɗin ta shiga lafiya lau. Da muka gama na kunna kaɗan daga kwamfutar, murya ta fito, siririya, mai ɗan kaushi, tana jan baƙi tana fassarawa. Ban san abin da na zata ba, amma ban zaci zai yi magana da sauri haka ba, irin saurin da ake yi mini faɗa a kai. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Yaya Sabo, da yake ya san shi, ya zauna a kan turmi ya sunkuyar da kai. Rana ta riga ta karkata, don haka fuska ta biyu, mai addu'ar, sai gobe.

Gobe ta zo da wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar na jiƙa yashi, na buɗe ƙofar rajista na rage gudu, na goge kan rikoda da auduga, na juya kaset. Na kashe lasifikar kwamfutar don kada ta ja wuta. Na danna, korayen sanduna suka fara rawa. Inna ta ɗauki mafici.

Zaren ya kai wajen rabi sai lambar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta fara hawa da kanta. Ashirin, ashirin da biyar. Na ce, "Inna, hannunki ya yi albarka yau." Ashe ta daina fifitar ma, tana kallon sama ta gefen rumfa. Wata iska mai sanyi ta taɓa mini wuya. Na juya gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama, yana tahowa.

Ƙauye ya ɗauka gaba ɗaya. Mata na guɗa, ana kabbara, ana kiran a kwashe shanya. Yaya Sabo ya faɗo gida da gudu yana dariya kamar ba shi ba, ya wuce wurin buhun iri. Ni kaɗai ce a garin nan nake kallon hadarin da faɗuwar gaba. Wallahi na san abin da ruwan nan yake nufi ga kowa, na san har da cikina a ciki, amma abin da zuciyata ke cewa shi ne, ya Allah, ka ɗan dakata. Na ji kunyar kaina, kuma ban daina faɗa ba.

Rana ta shige cikin hadari. Daga ɗakin Yaya injin wuta ya fara kukansa. Na rage hasken allo har da ƙyar nake gani, na rufe 'yar manhajar zafin, don yanzu ba ta da amfani. Na leƙa tagar rikoda, zaren da ya rage bai fi kaurin zobe ba. Iska ta taso da ƙarfi, ta kwashi ledoji da karmami, rumfa na ƙara. Inna ta ware zanen da ta yafa ta kare mu da shi, ni da rikoda da kwamfutar. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ƙanshin ƙasa ya tashi. Sandunan na rawa, ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Sai allo ya mutu.

Abin da aka ɗauka kafin nan yana nan, don manhajar tana ajiyewa ne tana tafiya. Yau yana cikin wayata, yana wurin aikina, yana wurin 'ya'yan Yaya. Yakan yanke daidai inda Baba ya ce, "To jama'a, mu yi addu'a." Kaset ɗin kuwa, da na gwada shi bayan kwana biyu, garin jikinsa ya riga ya zube a kan rikoda, babu abin da ke fita sai shuu. Don haka abin da ya biyo baya babu shi a ko'ina, sai dai in gaya muku da baki.

Rikodar da baturanta take aiki, ba ta san wuta ta ɗauke ba, tana ta juyawa shiru. Hannuna ya tafi kan maɓallin tsayawa. Na san in na tsayar zai iya mannewa ya tsinke kamar 'yan uwansa, amma wataƙila ya tsira, wataƙila gobe a yi rana. Kafin in danna, Inna ta riƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

"Ba a katse Malam yana addu'a," ta ce.

Ta sa ɗaya hannun ta fizge wayar daga jikin rikoda.

Murya ta cika rumfar. Ruwa ya riga ya sauko sosai, yana dukan kwano, sai da muka kai kunnuwanmu dab da lasifikar, kaina na gugar nata. Yana roƙa wa garin damina mai albarka, jama'ar wancan lokacin na cewa amin. Ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa waɗanda suka riga mu. Yaya ya zo bakin rumfa a jiƙe zai yi magana, Inna ta ɗaga masa hannu, ya tsaya cak a cikin ruwan. Sai Baba ya yi gyaran murya, saurin nan nasa ya tafi.

"Sannan ina roƙon ku addu'a ga baƙuwar da Allah ya ba mu a gidana. Na mayar mata da sunan mahaifiyata." Ya ɗan tsaya. "Sa'adatu."

"Na'am," na ce.

Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a kunnena. Ya ci gaba, Allah ya raya ta, Allah ya sa ta ji ƙan uwarta, mutanen cikin kaset suka ce amin, Yaya ya ce amin daga cikin ruwa, zaren ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa.

Inna ba ta sake mini hannu ba. Fuskarta a jiƙe take, ban san wanne ne ruwan sama ba. Ta dube ni ta daɗe.

"Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"To, madalla. Ya kira, kin amsa." Ta goge ido da bakin zane. "Tashi ki kai baƙuwarki ɗaki, ki zo ki kama mini randar nan mu kai bakin indararo."